BABI NA HUƊU: TARKEN RA'AYIN TILASTA BAYYANA FARASHI A KARAR ƊAMBATTA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin tsarin kara da rukunonin mutanen da ke neman abinci a cikinta, tun daga sarkin kara da dillalai har zuwa 'yan baranda da mahauta da masu lodi. A wannan babi kuwa za a ɗora wani ra'ayi ne a kan faifan nazari, wato ra'ayin masu cewa maganin ƙwarar da ake yi wa mai dabba shi ne hukuma ta tilasta a riƙa bayyana farashin duk cinikin da aka ƙulla. Abin da ake nufi da tarke a nan shi ne auna ra'ayi domin a fito da ƙarfinsa da kuma rauninsa. Ma'aunin da za a yi amfani da shi kuwa shi ne kasuwar Ɗambatta, wadda ke ci ranar Lahadi a kan hanyar Kano zuwa Daura, tare da ƙauyukan manoma da ke kai mata dabbobi daga ƙananan hukumomin Ɗambatta da Makoɗa da Bici da Minjibir.

Ya kamata tun da farko a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da akan cakuɗa, wato ƙayyade farashi da bayyana farashi. Ƙayyade farashi shi ne hukuma ta ce ga kuɗin da za a sayar da rago, kada a wuce shi. Bayyana farashi kuwa shi ne a bar mai saye da mai sayarwa su daidaita yadda suka so, amma a sanar da jama'a a kan nawa aka sallama. Na biyun ne wannan babi zai duba.

4.1 Asalin Ra'ayin

Ƙasar da ta fi yin fice wajen mayar da wannan ra'ayi doka ita ce Amurka. Shekaru da dama ma'aikatar aikin gona ta ƙasar tana tattara farashin dabbobi bisa ganin damar masu ciniki. Da manyan kamfanonin yanka suka haɗiye ƙanana, sai yawancin ciniki ya koma yarjejeniyar sirri tsakanin kamfani da makiyayi, ya zamana farashin da ake bugawa na ɗan abin da ya rage ne a fili. A ƙarshen shekarar 1998 farashin aladu ya faɗi warwas, makiyaya suka yi ta ƙorafi, saboda haka a 1999 majalisar ƙasar ta zartar da dokar tilasta bayyana farashin dabbobi, aka kuma fara aiki da ita a watan Afrilu na 2001. Dokar ta ɗora wa duk kamfanin da ke yanka shanu 125,000 ko fiye a shekara wajibcin kai rahoton farashi da adadin abin da ya saya sau biyu a kowace rana ta aiki, ita kuma ma'aikatar ta tace rahoton ta buga wa kowa ya gani.

Hujjar masu wannan ra'ayi a taƙaice ita ce, idan ɗaya daga cikin masu ciniki ya san farashi ɗayan bai sani ba, to wanda ya sani ne zai ci moriyar cinikin. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, irin su Muwaɗɗa da Muhtasar, sun kawo hani a kan mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani, da kuma hani a kan tare masu kawo kaya tun kafin su iso kasuwa su ji yadda ake ciki. Shi ma Bahaushe ya riga ya yi tir da cinikin biri a sama. Ke nan tushen ra'ayin karɓaɓɓe ne. Abin tambaya shi ne ko rigar da aka ɗinka wa Amurka za ta shiga wuyan karar Ɗambatta.

4.2 Yadda Farashi ke Samuwa a Kara

Da yawa daga cikin ƙauyukan da ake magana a kansu suna da siffar yankin nan mai cunkoson gonaki da Mortimore da Wilson (1965) suka yi nazari a kewayen Kano. A irin wannan yanki ba a barin gona ta huta, kowace shekara sai an noma ta, kuma takin dabbobi ne ke riƙe da ƙarfinta. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a gida, a yanko masu ciyawa, da rani kuma a ba su harawa da kowa da dusa. Saboda haka dabba a wurin wannan manomi asusu ce mai numfashi. Da ita ake sayen takin zamani da damina ta kawo kai, da ita ake biyan kuɗin asibiti, ita ce kuma kayan ɗakin 'ya idan aure ya tashi. Hill (1972) ta lura da cewa kaso mai yawa na ƙananan dabbobi a karkarar ƙasar Hausa mallakar mata ne, ga shi kuwa yawancin matan aure ba sa shiga kara.

A ɗauki misalin matar da ta turke tunkiya wata biyar. Ranar kasuwa za ta damƙa ta ga mijinta ko ɗanta, shi kuma ya damƙa ta ga dillalin da gidansu ya saba da shi. Mai saye zai zo ya taɓa gadon baya da gindin wutsiya, ya duba haƙora, sannan ya yi tayi. Dillali ya ce albarka, a ja juna gefe a yi ƙus-ƙus, har a kai ga sallamawa. Idan dillalin mai amana ne, zai faɗi ainihin kuɗin, ya karɓi la'adarsa. Idan kuwa ba haka ba, ana iya sallama tunkiyar a kan naira dubu 80, a faɗa wa ɗan aike dubu 73, kafin kuɗin su isa ɗakin mai ita sun koma dubu 70. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, amma sun nuna cewa tsakanin mai dabba da farashin dabbarta akwai labule biyu, wani lokaci ma uku idan ɗan baranda ya saya da safe ya sake sayarwa da azahar a cikin karar.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, fataken da ke lodi zuwa Legas ko Fatakwal suna zagaya kasuwanni a mako: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Ɗambatta ranar Lahadi. Suna kuma da wakilai a kudu da ke faɗa masu yadda kasuwa ta kwana. Shi kuwa manomi sau biyu ko uku yake shiga kara a shekara. A nan ne ra'ayin bayyana farashi ya sami gindin zama, domin lalle sanin da ke hannun ɓangarorin biyu bai zo ɗaya ba.

4.3 Ƙarfin Ra'ayin

Ƙarfin farko da wannan ra'ayi yake da shi shi ne akwai shaidar bincike da ke nuna cewa yaɗuwar labarin farashi na gyara kasuwa. Aker (2010) ta nazarci kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta kuma gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Tunda ƙasar Maraɗi da Damagaram ba su da wani nisa da Ɗambatta ta fuskar al'ada da tsarin kasuwa, wannan sakamako abin dubawa ne.

Na biyu, akwai giɓi a bayanan hukuma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin kilon naman shanu wata-wata a cikin jerin kayan abinci, amma wannan farashin teburin mahauci ne, ba ya gaya wa mai bijimi abin da bijiminsa zai yi a tsaye. Ita kuwa Nijar tana da tsarin nan da ake kira SIM Bétail, inda ma'aikata ke bin zaɓaɓɓun kasuwannin dabbobi suna rubuta farashi da yawan abin da aka kawo da wanda aka sayar. Da yake an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, masu wannan ra'ayi na da damar cewa lokaci ya yi da Nijeriya za ta san farashin dabbobinta.

Na uku, bayyana farashi kariya ce ga dillalin kirki. Muddin ana ciniki a ɓoye, zargi ɗaya ne ke hawa kan mai amana da maha'inci, wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari.

4.4 Raunin Ra'ayin

Duk da wannan ƙarfi, idan aka ɗauko tsarin Amurka ɗungurungum aka dasa a kara, za a ci karo da matsaloli aƙalla biyar.

Matsala ta farko ita ce ta ma'auni. A Amurka ana sayar da sa ne bisa nauyi da darajar nama, saboda haka idan an ce farashi kaza, kowa ya san na wane irin sa ake nufi. A Ɗambatta kuwa ido da hannu su ne sikeli. Idan aka sanar a rediyo cewa an sayar da rago a kan kaza, ba a faɗi komai ba, domin akwai Balami, akwai Uda, akwai ɗan ƙasa, akwai kuma turkakke da wanda ya sha yawon kiwo. Hasali ma irin wannan sanarwa na iya haddasa rigima a gida, inda mai ramammiyar tunkiya za ta ji farashin ƙosasshiya ta zargi ɗan aikenta da cin amanar da bai ci ba. Wannan ne kuma ya sa ba za a ɗauki sakamakon Aker a ɗora wa dabbobi kai tsaye ba, domin buhun gero kusan ɗaya yake da ɗan'uwansa, amma babu shanu biyu da suke daidai.

Matsala ta biyu ita ce wa za a tilasta wa. Dokar Amurka ta yi sauƙin aiwatarwa ne saboda masu saye kaɗan ne, kamfanoni huɗu kacal ke yanka kusan kashi 85 cikin ɗari na turkakkun shanun ƙasar, kuma kowannensu na da ofis da akawu da kwamfuta. A kara kuwa ɗaruruwan mutane ne ke saye daga hannun ɗaruruwa, cikin ƙura da hayaniya, yawanci ba tare da an rubuta komai ba sai rasiɗin kuɗin shiga. Dokar da ba a iya tsare ta ba takan zama hanyar karɓar na goro kawai.

Matsala ta uku ita ce tsoron haraji. Makiyayi bai manta da jangali ba, wanda ya sa kakanninsa ɓoye shanu a daji idan masu ƙirga sun taho, har zuwa lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da haraji a Jihar Kano bayan hawanta mulki a 1979. Idan ma'aikacin da ke yankar rasiɗi shi ne kuma zai tambayi farashi, to mai saye da mai sayarwa za su haɗa baki su faɗi rabin gaskiya. Sakamakon haka hukuma za ta buga farashin da ya gaza na ainihi, fatake kuma su riƙe shi hujja a mako mai zuwa. Ke nan garin neman gira an rasa ido.

Matsala ta huɗu ita ce farashi ba ɗaya ba ne ko a kan dabba guda. Akwai farashin kuɗi hannu, akwai na bashi. Cohen (1969) ya nuna yadda cinikin shanu a Sabon Ibadan ya dogara a kan bashin da ake ba mahautan Yarabawa, wanda maigida ke tsayawa a kansa. Har yau mahauci na iya ɗaukar sa sai ya yanka ya sayar sannan ya biya, kuma kuɗin da zai biya sun haɗa da ladan jira da na kasada. An ƙara ganin wannan a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, inda a kasuwannin karkara dabba guda ta zama tana da farashin tsabar kuɗi da kuma na turawa ta waya. Rahoton da ya cakuɗa waɗannan zai ɓatar da mai sauraro.

Matsala ta biyar, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce sanin farashi daban, ikon ƙin sayarwa daban. Manomin da ya biya kuɗin mota ya kawo sansa, ga mara lafiya kwance a gida, ko ga ruwa ya sauka babu taki, ba zai iya komawa da shi ba ko da ya san an taya shi da araha. Fatake sun san haka, shi ya sa wasu kan jinkirta tayi sai rana ta yi sanyi. Ita kanta Amurka ta ga iyakar dokarta. A watan Agusta na 2019 gobara ta tsayar da wata babbar mayanka a jihar Kansas, sannan a 2020 annobar korona ta rufe wasu. A lokutan biyu farashin nama ya yi sama, na shanu ya yi ƙasa, makiyaya suna kallon alƙaluman a fili amma ba su da wurin kai shanunsu. Bugu da ƙari, saboda kare sirrin kamfanoni, ƙa'idar ma'aikatar ta hana buga farashin wani yanki sai in aƙalla kamfanoni uku na kawo rahoto a kai a kai, kuma babu guda da ya mamaye fiye da kashi 70 cikin ɗari. Ma'ana, a inda mai saye ya fi ƙarfi, a nan ne rahoto kan yi shiru.

Akwai kuma abin da ya shafi al'ada da tsaro. Bahaushe na son sirri a kan samunsa saboda gudun baki da yawan bani-bani, a zamanin nan kuma ga fargabar 'yan fashi da masu satar mutane. Duk tsarin da zai sa a san cewa wane ya fita kara da kuɗin bijimai uku a aljihu, cutarwarsa ta fi amfaninsa.

4.5 Tarken Masu Kare Dillanci

Kada a ɗauka cewa raunin wannan ra'ayi ya wanke tsarin da ake kai yanzu. Hill (1966) a kan kasuwar shanu ta Kumasi da Cohen (1969) a kan ta Ibadan sun yi aiki mai daraja, domin sun rushe zaton da ake yi cewa dillali da maigida cima-zaune ne. Sun nuna cewa su ne ke saukar da baƙo, su tsaya masa, su san wanda ya cancanci bashi. A kara ma dillali ne shaidar cewa dabba ba ta sata ba ce, kuma shi za a nema idan magana ta taso daga baya.

Sai dai waɗannan masana sun tsaya ne a ƙarshen hanya, inda falke mai garke ke hulɗa da maigidan da ke tsoron rasa shi. Falken da aka cuta bana zai sauya masauki baɗi, wannan tsoro shi ke tsare amana. Matar da ke sayar da akuya ɗaya a shekara ba ta da wannan makami, ba ta ma san an cuce ta ba balle ta yi fushi. Saboda haka ɗaukar abin da aka gani a Sabon Ibadan a shekarun 1960 a yanke hukunci da shi a kan ƙaramin mai kiwo na Makoɗa kuskure ne. Amanar da suka bayyana gaskiya ce, amma ta fi ƙarfi a inda ɓangarorin biyu ke da abin da za su yi wa juna barazana da shi.

4.6 Matsayin Wannan Bincike

Bisa abin da ya gabata, wannan bincike na ganin cewa tilas ɗin yana da muhalli, amma ba inda masu ra'ayin suka ajiye shi ba. Wajibcin farko ya kamata ya kasance tsakanin dillali da mai dabba: a faɗi kuɗin sallamawa a gaban mai ita ko wakilinsa da kuma mai saye, a ware la'ada daban a san adadinta. Wannan ba ya bukatar majalisa, sarkin kara da ƙungiyar dillalai na iya zartar da shi, su kuma hukunta wanda ya saɓa ta hanyar hana shi riƙe igiya. Da yake kusan kowane gida na da waya a yanzu, ba abin wahala ba ne a kira mai dabba ta ji tayin da kunnenta kafin a sallama.

Abin da za a sanar wa jama'a kuwa bai kamata ya ɗauki sunan kowa ba. Ya isa a ce a wannan Lahadi an sayar da irin kaza daga kaza zuwa kaza, an kawo da yawa ko kaɗan, an kuma koma da saura ko an share. Masu tattara wannan bayani su kasance ba ruwansu da kuɗin shiga, misali malaman gona na hukumar KNARDA ko ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan Ɗambatta, a kuma watsa shi a rediyo da Hausa tun kafin kasuwa ta gaba.

A nan ne mai nazarin harshe ke da gudummawa. Matsalar ma'auni da aka ambata tana da rabin magani a bakin mutanen kara, domin sun riga sun rarrabe dabbobi da sunaye: maraƙi da karsana da bijimi da san huɗa, Bunaji da Rahaji da Bokolo, bunsuru da taure, ga kuma ƙirgen shekaru ta haƙora. Idan aka tattara waɗannan kalmomi aka daidaita ma'anarsu tare da dillalai, za a sami matakan daraja da manomi zai gane nan take, kafin a kai ga samar da sikeli a kowace kara.

4.7 Kammalawa

A wannan babi an bibiyi ra'ayin tilasta bayyana farashi tun daga dokar Amurka ta 1999, aka auna shi da yadda ciniki ke gudana a karar Ɗambatta. An ga cewa ra'ayin ya gano ciwon, wato rashin daidaiton sani tsakanin falke da ƙaramin mai kiwo, musamman mata. An kuma ga cewa maganin da ya kawo ba zai yi aiki yadda yake ba, saboda rashin sikeli, da yawan masu ciniki, da tsoron haraji, da cinikin bashi, da kuma matsin da ke sa manomi sayarwa ko ba ya so. Haka nan an nuna cewa masanan da suka kare dillanci sun dubi manyan fatake ne, ba su dubi mai akuya ɗaya ba. Daga ƙarshe an ba da shawarar a fara tilas ɗin daga hulɗar dillali da mai dabba, a kuma gina sanarwar jama'a a kan kalmomin da kara ta riga ta mallaka. Babi na gaba zai kawo jerin waɗannan kalmomi tare da bayanin ma'anarsu.